Ƙashin Da Ya Kama a Karkace

Ku da kuke zama a dakalin ƙofar gidana kuna kallon masu shiga da fita, na ji abin da kuke cewa. Wai ɗori ba wani aiki ba ne: a ja ƙafa, a jera kara, a naɗe da tsumma, a tofa, shi ke nan tsoho ya karɓi na goro. Ɗayanku har cewa ya yi ya gani a waya, in ya ga dama gobe ma sai ya buɗe nasa wurin. To madalla. Kafin ka buɗe, zauna ka ji. A wannan zauren na Ƙofar Kaura na tsufa ina taɓa ƙasusuwan mutane, kuma har yau in aka shigo da mai karaya sai gabana ya faɗi.

Gado na yi. Mahaifina mai ɗori ne, shi ma a hannun nasa uban ya koya, kuma bai bar ni na taɓa mutum ba sai da gemu ya fara fito mini. Yakan aike ni mahauta in karɓo ƙashin ƙafar akuya, ya karya shi da bayan gatari, ya zura shi cikin wata 'yar jakar fata da ya cika da dusa, ya ɗaure bakin. Sai ya miƙo mini ya ce in haɗa. Ba ka ganin komai, da yatsu za ka lalubo inda baki yake ka kai shi ga ɗan'uwansa. In na ce na gama, ya kwance a hankali ya duba. In bai yi ba, ya girgiza jakar ya sake miƙo mini. Ba ya duka, amma yana da wani kallo da gara dukan. Na yi ta haɗa ƙafar akuya har mahauta suka laƙaba mini Likitan Matattu.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Tsinken gora da aka fere aka goge har ba ya yanka, auduga, man shanu, ruwan ɗumi, sai bandeji, wanda a zamanin mahaifina farin ƙyalle ne ake yagawa. Yanzu an samu hoton ƙashi, ni kuwa ba na gaba da shi. In na taɓa na ji abin ya dagargaje, ko fata ta fashe ƙashi ya leƙo, asibiti nake turawa, ba na jin kunyar cewa wannan ya fi ƙarfina. Abin da ba a sayarwa a kasuwa shi ne sanin ƙarfin ɗauri. In ka sassauta, ƙashi ya goce. In ka matse, jini ya tsaya, nama ya mutu a ƙarƙashin tsummanka kana zaune kana ta tofi. Shi ya sa ake barin yatsun ƙafa a waje. Duk zuwan da za ka yi sai ka taɓa su ka ji ko da ɗumi, ka sa mutum ya motsa su, ka danna farce ka ga ko jan ya dawo.

A da, waɗanda ake kawo mana su ne magini da ya faɗo daga tsani, mai saran itace, tsohuwar da ta zame a bakin rijiya, wanda jaki ya kayar. Da babura suka cika gari sai aikin ya koma na 'yan acaba, yawancinsu samarin ƙauye da suka shigo neman abinci. Mutanen kirki ne, amma kunnen ƙashi gare su. Ka ce wa mutum ya kwanta, washegari ka hange shi yana tsallen ƙafa ɗaya zuwa wurin mai shayi. Ni kuma an san ni da faɗa, ba na ɓoyewa. Wanda ya taɓa ɗaurina sai unguwa ta ji muryata.

Akwai wani aiki da ba na mantawa, na wani ɗan acaba mai suna Lawal. Daga wani ƙauye ya fito can gaba da Batagarawa, yana haya da 'yan garinsu a Ƙofar Sauri. Mota ce ta buge shi da hantsi, abokansa suka kawo shi a bayan akori-kura. Ƙwaurin dama ne ya karye a tsakiya, amma fata ba ta fashe ba, kuma karayar tsaf take, babu gutsattsari. Irin aikin da mai ɗori yake so ke nan. Na sa mutum biyu suka danne cinya, ɗaya ya riƙe diddige yana ja a hankali, ni kuma ina bin ƙwaurin da babban yatsa har na ji baki ya faɗa cikin baki. Wannan ji ba a iya kwatanta shi, sai wanda ya taɓa. Lawal ya cije wuyan rigarsa, gumi na zuba, amma bai yi ko tari ba. Da na gama naɗewa na gwada ƙafafun biyu, diddige da diddige suka zo daidai.

Ya ce, "Baba, yaushe za ni hau mashin?"

Na ce, "Ran da na ce. Ƙahwar nan ba taka ba ce yanzu, tawa ce. In ta warke na maida maka."

Ya yi dariya ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, don duk zuwan da na yi ɗakinsu in sassauta ɗauri in shafa mai, a kwance nake samun sa. Kumburi ya sauka, yatsu na motsi, ƙashi ya fara kamawa amma bai yi ƙwari ba. A nan ne hatsarin yake, don ciwo ya tafi, mutum yana ji kamar ya warke.

Shekarar kuwa mummuna ce. Ita ce shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan yamma, mutane suka riƙa kwararowa cikin gari da tabarmi da tukwane a ka. Ban taɓa ɗori irin na wannan damina ba. Mata da suka karye wajen haura katanga, tsofaffi da suka faɗa rami a guje, mutum uku a kan babur ɗaya sun kife a cikin yashi. Wasu sai sun kwana biyu a daji kafin a iso da su, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Gora ta ƙare mini har na koma fere karan dawa. Waɗanda harsashi ya fasa wa ƙashi ko zama ba na bari su yi, asibiti kai tsaye.

A cikin wannan hali na je duba Lawal wata safiya, na tarar da tabarma babu kowa. Tsinkayen gorata a warwatse a ƙasa, bandejin kuma an yanka shi da reza daga sama har ƙasa. Abokan ɗakinsa suka ce an bugo waya an ce an shiga ƙauyensu, mahaifiyarsa kuwa tana can ita kaɗai, ba ta iya gudu. Sun riƙe shi, ya ture su, ya hau babur. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi faɗan da na saba. Amma kafin in fita na ce musu ran da ya dawo, ko a wane hali yake, a kawo mini shi nan take, don ƙashin da ya goce yana ɗanye ana iya mayar da shi. Na sake aikawa, na kuma sake. Suka ce ya dawo gari amma ya bar ɗakin, ba su san inda ya koma ba.

Sai bayan an gama girbi na gan shi. Ya yi sallama ya tsaya a bakin zaure kansa a ƙasa, ya ƙi shigowa sai da na daka masa tsawa. Tun daga takunsa na san abin da zan gani. Na sa ya ɗage wando. Ƙwaurin ya lanƙwashe ya yi waje, a tsakiya ga wani ƙulli kamar dunƙulen hannu, ƙafar kuma ta gajarta. Na danna ƙullin da ƙarfina, ko motsi. Ya kama, ya kama sosai, amma a karkace.

Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce da ya isa ƙauyen babu kowa, sai kaji. Ashe tun da sassafe wani maƙwabci ya saka tsohuwar a motar da ta kwaso mutane. A hanya ma suka yi saɓani. Ta hango shi daga bayan motar tana ta ƙwala masa kira, shi kuwa kansa na kan hanya bai ji ba. A dawowa mai ya ƙare, ya turo babur da wannan ƙafar har bakin kwalta. Da ya iso gari ya samu mahaifiyarsa lafiya lau a wani kangon gida da aka sauke su, sai ya zauna a can, ya yanko robar tayar babur ya ɗaure ƙafar da kansa.

Na ce, "To mi ya hana ka zowa? Ban aika ba?"

Ya ce, "An gaya mani, Baba. Kunya ce. Da wane ido za ni dube ka, na sa reza na yanke aikinka?"

Ku riƙe wannan, ku masu son buɗe wuri. Zuwa ƙauyen nan ban ga laifinsa ba, ko ni ne uwata ke can, da reza zan nema. Makonnin da ya yi yana ɓuya don kada ya haɗa ido da dattijo su suka karkatar da ƙafar. Mu mutanen nan mun gwammace mu lalace da mu tsaya gaban babba mu ce mun saɓa. Tun daga kansa, duk wanda na ɗora sai na gaya masa in ya kwance ya dawo ran nan, faɗana ba ya karya ƙashi.

Na gaya wa Lawal gaskiya. Ƙafar ba kyau a ido, amma ƙafa ce. Tana taka ƙasa, tana taka birki, tana tayar da babur. Zai yi ɗingishi har ƙarshen ransa, amma zai ci abinci da ita. Na kai shi wurin wani baduku abokina, aka auna gajartar, aka yi masa takalmi aka ƙara wa na dama tsayi da robar taya. Da ya saka ya taka, ɗingishin ya ragu sosai. Ya yi godiya ya tafi, na ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba. Ba a daɗe ba ya dawo da silifas, takalmin ya ajiye. Ya ce duk wanda ya ga takalmin ya san labari. 'Yan'uwansa 'yan acaba sun sa masa suna Lawal Kwana, wai ƙafarsa ta sha kwana ba ta ba da hannu ba. Wasa suke yi irin nasu, amma shi ba ya jin sa a wasa. Ya zauna a inda kuke zaune ɗin nan ya ce, "Baba, so nike ka sake karya ta."

Na ce ba na yi. Na yi masa bayani kamar yadda nake muku. Wurin da ƙashi ya haɗe ya yi ƙulli ya fi gefensa tauri. In ka sa ƙarfi, ba nan zai ba da kai ba, sama ko ƙasa zai karye, ka tashi da karaya sabuwa ga tsohuwar karkata tana nan. Jijiyoyi da nama kuma sun riga sun saba da gajartar. Na ce in ma akwai mai iya wannan, likitan ƙashi ne, da zai sa mutum barci ya yanka daidai wurin ya sa ƙarfe. Ya je asibiti ya tambaya. Suka ce ana yi, amma aiki ne babba da ya fi ƙarfin irin su Lawal, suka kuma ba shi shawarar da na ba shi, ya sa takalmi ya ci gaba da rayuwa.

Daga nan ya mayar da zaurena wurin zuwa. Damina ta wuce, wata ta zo, Lawal na nan. Zai ajiye babur ya shigo ya gaishe ni, ya zauna, can sai ya fara lissafin da-na-sani. Da ya tsaya ya sake buga waya kafin ya hau mashin. Da ya ɗaga kai lokacin da motar ta wuce. Da ya zo ran da aka gaya masa na aika. Kullum maganar ke nan, kamar mai jan carbi. Ya yi aure a tsakanin, matarsa ta haihu, mahaifiyarsa na raye tana sa masa albarka, babur na kawo abin cefane, amma duk wannan ba ya gani. Yana magana hannunsa na kan ƙullin yana murzawa. Na lallashe shi, na yi masa wa'azi, na yi faɗa. Wata rana na gaji na ce, "Lawal, ƙahwar da kake nema ta wuce. Wagga da ke jikinka ita Allah ya bar maka." Ya ce, "Ni dai in na dube ta, wautata nike gani." Ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, don mutum ne da ransa da lafiyarsa yana zaman makokin ƙwauri.

Sai ya daina zuwa. Na ce Alhamdu lillahi, ya haƙura.

Wata ranar kasuwa da azahar aka tsayar da mota a ƙofar nan. Tun kafin a shigo da shi wari ya riga su. Lawal ne, kwance a kan tabarma, jikinsa zafi kamar garwashi, idanu sun faɗa. Ashe ya samu wani a wani gari da ya ce masa wannan ƙaramin aiki ne, tsofaffin Katsina tsoro gare su. Suka ɗora ƙafar a kan turmi, mutumin ya naɗe taɓarya da tsumma ya sauke mata. Abin da na faɗa shi ya faru. Ƙullin ko gezau, ƙashin ya tsage daga ƙasansa har ya huda fata. Mutumin ya tura shi ciki, ya ɗaure tamau har da yatsu, ya ce kada a kwance sai ya ce.

Na sa almakashi na buɗe bakin ɗaurin. Yatsun sun yi baƙi, sanyi ƙalau. Na tsikare babban da tsinke ina kallon fuskarsa, bai san ma na taɓa shi ba. Ban ƙarasa kwancewa ba. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da goyo, ta ce, "Baba, a taimaka a yi mashi wani abu." Na ce mata abin da za a yi masa yanzu ba a zauren nan yake ba, a juya motar. Na shiga na bi su. Likitan da ya duba bai yi dogon bayani ba, ya ce in ana son ransa sai a cire. Aka cire daga ƙasan gwiwa. Na je duba shi bayan kwana biyu, da ya ji muryata sai ya juya fuskarsa bango. Na yi masa addu'a na fito. Ban taɓa jin nauyin sana'ar nan irin na ran nan ba, ga shi ba hannuna ya yi ɓarnar ba.

Na daɗe ban sake ganin sa ba. Na ji dai an ce ya sayar da babur ya sayi injin iska, yana faci a bakin titi wajen Ƙofar Sauri, aikin da ake yi a zaune. Ban je ba, don na san halinsa da kunya.

A farkon daminar bana ina zaune ina fere gora, na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanduna a bakin zaure, aka yi sallama. Lawal ne. Ya yi ƙiba kaɗan, hannuwansa baƙi ƙirin da aikin taya. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba, ya shigo ya jingine sandunan ya zauna. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya tsohuwa, ya aiki, ya ruwa. Na jira in ji ya fara lissafin da ya saba, bai fara ba. Sai ni na kasa haƙuri na tambaye shi dungun.

Ya ce, "Dungu lahiya lau. Amma ka san wani abu, Baba? Ƙahwar tana nan. In hadari ya haɗu sai in ji tana mani ciwo daidai wurin ƙullin. Kuma wallahi a karkace nike jin ta, yadda take. An yanke ta an binne, ba ta miƙe ba. In kai hannu in murza, sai in taɓa tabarma."

Na ce, "To mi kake yi in ta taso?"

Ya ce, "Da zaginta nike, in zagi kaina. Yanzu sai in ƙyale ta ta gama abinta, in ci gaba da facina. Ba ita ta kawo ni ba ma."

Ya jawo wandon hagu sama, ya miƙo mini ɗaya ƙafar. Gwiwar ta ɗan tasa, irin kumburin da ke samun ƙafar da ta ɗauki nauyin jiki ita kaɗai. Na taɓa, da zafi kaɗan, amma ba abin tsoro ba ne. Na tambaye shi tun yaushe.

Ya ce, "Jiya da yamma."

Na ce, "Jiya-jiyan nan?"

Ya ce, "Jiya-jiyan nan. Waccan ta tahi, Baba. Wagga ta rage mani. Duba ta tun da sauran gyara."

Na ajiye gorar, na leƙa cikin gida na ce a ɗora ruwa.